Tsohon bututun ƙazanta: a tone shi duka, ko a gyara daga ciki?

Tambaya: Wani dattijo da ke shugabantar kwamitin mazauna wani tsohon rukunin gidajen ma'aikata a Sakkwato ya rubuto cewa gidajensu, waɗanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, duk bututu ɗaya ne ke kwashe ƙazantar bayan gidansu zuwa wani babban tanki da ke bayan unguwa. 'Yan shekarun nan, duk lokacin marka sai cambobin layin, wato ramukan dubawa, su tumbatsa, wari ya hana zama a ƙofar gida, bara kuma ƙasa ta lotsa a gefen titi. Wani ɗan kwangila ya ce a tone layin baki ɗaya a sa sabo, wani kuma ya ce yana da hanyar gyara shi ba tare da tono ba. Yana so ya san wanne za su bi.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, shawarata ita ce kada ku sa hannu a takardar ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin a yadda ka bayyana lamarin babu wanda ya ga cikin bututun nan, kuma yanka farashi a kan aikin da ba a gani ba cinikin biri a sama ne. Kuɗin farko da ya kamata kwamitinku ya fitar na bincike ne, wato a gano inda layin ya bi, a wanke shi, a leƙa cikinsa, a rubuta abin da aka gani mita bayan mita. A irin wannan layi da wuya a tarar ya lalace daga farko har ƙarshe. Abin da aka fi samu shi ne wasu 'yan wurare sun mutu, wasu suna neman faci, mafi yawa kuma wanki kawai suke bukata, kuma idan babu bincike za ku biya kuɗin sabunta duka alhali ciwon yana wuri uku ko huɗu.

Ya kamata a san cewa Sakkwato, kamar yawancin biranen Arewa, ba ta da babban layin ƙazanta da ya haɗa gari. Gidaje sun dogara da salga ko sokawe, kwatoci kuma na ruwan sama ne da na wanke-wanke. Layi irin naku sai a tsofaffin gidajen gwamnati, da barikoki, da manyan makarantu da asibitoci, yawanci waɗanda aka gina tun garin yana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976 da 'yan shekarun da suka biyo baya. Abuja ce aka tsara da cikakken layi mai kai ƙazanta matatar Wupa. Wannan ya sa masu aikin da suka saba da irin wannan bututu ba su da yawa a wajenmu, taswirorin asali sun ɓace a ofisoshi, kuma ba a tunawa da layin sai ranar da ya yi amai. Sai dai tsufa kaɗai ba ya yanke wa bututu hukunci, domin manyan magudanan da Joseph Bazalgette ya gina wa birnin Landan a shekarun 1860 suna aiki har yau. Abin da ke kashe bututu shi ne irin abin da aka yi shi da shi, da yadda aka shimfiɗa shi, da abin da ya riƙa bi ta cikinsa.

Ku fara daga ƙarshen layi. Idan babban tankin ya cika da laka, ko ramin da ke tsotse ruwansa ya toshe, ruwa zai tsaya a cikin bututun ya koma baya ko da bututun lafiyarsa ƙalau. A buɗe murfin tankin, a zura doguwar gora a auna kaurin lakar da ta kwanta, idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan a kira motar zuƙe sokawe. Na sha ganin inda aka ɗora wa bututu laifi alhali tankin ne ba a taɓa kwashewa ba tun da aka gina shi.

Bayan haka sai neman cambobi, wato ramukan dubawa masu murfi da aka gina a kan layin. A ƙa'ida ana sa su duk inda bututu ya karya kwana, ko ya sauya gangara, ko wani reshe ya shigo, kuma a miƙaƙƙen layi ba a cika barin tazarar da ta wuce mita 90 zuwa 120 ba. A unguwa mai shekaru sama da arba'in za ku tarar ƙasa ta binne wasu, an yi kwalta a kan wasu, wani maƙwabci kuma ya ja katanga ko ya gina shago a kan ɗaya. A tono kowace, a ba ta lamba da fenti, a auna zurfinta da girman bututun da ke shiga da mai fita, sannan safiyo ya ɗauki tsayin gindin kowace da na'urarsa. Da waɗannan alƙaluma ne injiniya zai san gangarar da ke tsakanin camba da camba, kuma wannan taswira da za ta fito, a ganina, ta fi duk wani abin da za ku saya a aikin nan daraja, domin ita ce za ta rage wa 'ya'yanku bayan an manta da sunan ɗan kwangila.

A nan dole in tsaya a kan maganar rai, domin a wannan mataki ne ake rasa mutane. Kada a bar kowa, lebura ne ko fulamba, ya shiga camba ko tanki don a ce ai leƙawa kawai zai yi. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana fitar da iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take taruwa. Mugun halinta shi ne idan ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka warin ya tafi alhali lokacin ne ta fi yawa, idan kuma ta kai kashi 700 zuwa sama numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ban da ita akwai iskar metan da ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 cikin 100, akwai kuma ƙarancin oksijin, wanda a sarari yake kusan kashi 21 cikin 100 kuma ba a yarda a shiga ramin da ya yi ƙasa da 19.5 ba. Labarin da muke ji kullum iri ɗaya ne: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya shiga ciro shi ya faɗi, na uku ya bi su. Dabarar zura fitilar ƙwai ko kunna ashana a gani ko za ta mutu ba ta nuna haidirojin salfaid, kuma tana iya tayar da gobara. Idan shiga ta zama dole, sai an buɗe cambobin gaba da baya, an hura iska da fanka mai ƙarfi, an zura na'urar auna iska har ƙasa, mai shiga yana ɗaure da igiya a ƙirji, mutum biyu suna tsaye a sama waɗanda aka gaya wa cewa ko me ya faru ja za su yi, ba shiga ba. Ɗan kwangilar da ya zo babu wannan na'ura ku sallame shi tun daga bakin ƙofa, komai arahar farashinsa.

Akwai binciken da za ku iya yi daga sama ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Da hantsi, idan rana ta yi ƙarfi, mutum ɗaya ya ɗaura madubi a jikin sanda ya zura a camba ya karkata hasken rana cikin bakin bututun, wani kuma ya zura nasa madubin a camba ta gaba. Idan ya ga cikakken da'irar haske, layin a miƙe yake kuma a buɗe. Idan rabin da'ira ya gani, bututun ya lotsa a tsakiya ko yashi ya cika ƙasansa, idan kuma duhu ne ƙirin to akwai toshewa ko karaya. Haka nan a zuba ruwan kala a masan wani gida a duba cambar da zai ɓullo da tsawon lokacin da ya ɗauka, wanda zai nuna wane gida ke kan wane reshe. Gwajin hayaƙi kuma, inda ake hura farin hayaƙi marar guba cikin layin da fanka, yana tona asirin duk wata kafa: za ku ga hayaƙi yana tashi daga tsagar ƙasa, daga kwatar tsakar gida, wani lokaci har daga bututun indararo.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wajenku, domin abin da ka faɗa cewa cambobin a marka suke tumbatsa yana nuna ruwan sama yana shiga inda ba nasa ba. An auna bututun ƙazanta ne da ruwan bayi da na wanka, ba da ruwan rufin gidaje ba. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma yana sauka ne cikin 'yan watanni, mafi yawa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Idan gidaje goma suka karkatar da ruwan tsakar gidansu cikin camba don gudun taɓo, ko masu jari-bola suka sace murafan ƙarfe aka bar ramuka a buɗe, bututun inci 6 ko inci 9 ba zai iya ɗauka ba, kuma ruwan ba shi kaɗai yake shiga ba, da yashi da leda yake tafe. Ku sa wani ya duba cambobin da zarar an ɗauke ruwa. Idan ruwan ya hau nan take ya kuma sauka cikin sa'a ɗaya ko biyu, daga sama yake shiga, kuma maganinsa murfi ne da cire haɗin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Idan ya ci gaba da gudu garau har kwanaki, ko da tsakar dare lokacin da kowa ke barci, to ruwan ƙasa ne ke tsattsafowa ta tsagogi da mahaɗai.

Sai babban binciken, wato na kyamara. Dole a fara wanke layin da injin feshin ruwa mai ƙarfi, wanda bakin tiyonsa ke fesa ruwa ta baya yana jan kansa gaba, sannan a jawo shi yana sharo datti zuwa camba inda za a kwashe shi, ba a tura shi gaba ya toshe wani wuri ba. A tsohon bututun da ake zargin ya ruɓe a rage ƙarfin feshin, domin yana iya ƙarasa abin da ya rage. Bayan wanki sai a zura kyamara, ko mai tayoyi da ke tafiya da kanta ko wadda ake turawa da sanda mai lanƙwasa, wadda ta isa ga ƙananan bututai. Ku sa a takardar yarjejeniya cewa za a ba ku bidiyon kowane tsakanin camba biyu, da lambar cambobin da adadin mitocin da aka tafi suna bayyana a jikin hoton, kuma wakilin kwamiti ya tsaya a gaban allon lokacin da ake ɗauka. Bidiyon da babu lamba babu awo ba shaida ba ne, domin ana iya ɗauko shi daga kowane gari.

Abu na farko da nake sa ran za ku gani shi ne yashi da daskararriyar ƙazanta kwance a ƙasan bututun. Waɗanda suka tsara layin sun yi lissafi ne da famfo mai zuwa kullum da tankin masai mai sakin lita 9 ko fiye a lokaci ɗaya, ta yadda ruwa zai riƙa gudun da bai gaza mita 0.6 zuwa 0.75 a daƙiƙa ba, wanda shi ne gudun da ke sa bututu ya wanke kansa. Yau kuwa a gidaje da yawa ruwan 'yan garuwa ake saya, kuma wanda ya sayi jarka da kuɗinsa buta ɗaya ko rabin bokiti zai kora da shi. Ruwan sai ya wuce ya bar kayan a baya. A haɗa da yashin da ake goge tukwane da shi, da ƙurar hunturu, da man girki da ke daskarewa, da ledar fiya wata, da famfas ɗin yara, sai a samu toshewar da ba ta da alaƙa da tsufan bututu ko kaɗan. Inda kyamara ta nutse cikin ruwa ta sake fitowa bayan 'yan mitoci, wannan lotsawa ce, kuma nan ne zai riƙa toshewa duk bayan 'yan watanni komai yawan wankin da aka yi.

Na biyu saiwoyi ne. Dogon yaro da ya yi mana inuwa a titunan Sakkwato yana shafe watanni bakwai ko takwas babu ruwan sama, kuma bututunku shi ne danshi mafi kusa da shi. A allon za ka ga saiwar ta shigo ta mahaɗa siririya kamar gashi, gaba kaɗan ta zama curi fari-fari da ya cika rabin bututun yana tare duk abin da ya zo wucewa. Bututun yumɓu da aka gasa, wanda ake amfani da shi a wancan zamani, jikinsa yana da ƙarko sosai kuma asid ba ya cinsa, amma gajeru ne, mahaɗansa suna da yawa, kuma simintin da aka liƙe su da shi yana tsagewa idan ƙasa ta motsa, musamman a wuraren laka da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Yanke saiwa sauƙi ne na ɗan lokaci, domin za ta sake tohowa fiye da da muddin kafar tana nan. Ban goyi bayan sare itatuwan ba, toshe mahaɗar shi ne magani.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, kuma ya shafi bututun kankare da na asbesto da bangon cambobi. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin yauƙin da ke ƙarƙashin ruwan suna samar da haidirojin salfaid, iskar ta tashi ta manne a rufin bututun mai danshi, a nan kuma wasu ƙwayoyin su mayar da ita asid mai cin siminti. Wani masani mai suna C. D. Parker ne ya gano wannan a magudanan Melbon ta Ostireliya a 1945. Zafi yana hanzarta lamarin, domin a lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi kowane ƙarin digiri ɗaya a zafin ruwan yana ƙara samuwar iskar da kusan kashi 7 cikin 100, ga shi kuma muna garin da bazara ke haura digiri 40, ga ƙazantar da ke kwana a bututu saboda ƙarancin ruwa. Alamarsa a camba ita ce bangon da ke sama da ruwa ya yi fari-fari ko rawaya, idan ka kankara da sukudireba daga sama sai ya zubo kamar jiƙaƙƙen alli, tsakuwa ta fito fili, rodi ya yi tsatsa ya kumbura. Ƙasan bututun yana iya zama lafiya lau alhali rufinsa ya kusa ƙarewa, shi ya sa ruwa ke ci gaba da gudu har ranar da mota za ta taka wurin ya rufta.

Wurin da ka ce ƙasa ta lotsa a gefen titi shi ne na farko da za a duba, kuma kafin nan a kewaye shi a hana mota da yara bi ta kai. Abin da ke faruwa shi ne duk lokacin da bututun ya cika ruwa yana fita ta tsaga ya jiƙa ƙasa, idan ya sauka sai ya jawo ƙasar cikin bututun, a hankali kogo ya buɗe a ƙarƙashi alhali sama tana nan kamar ba komai. Zuba tifar marmara a ramin ciyar da bututun ne kawai.

Idan bidiyo ya kammala, injiniya zai ba kowane yanki maki. Tsarin da ake bi a Amurka da Ingila daga 1 zuwa 5 ne, inda 1 ƙaramin aibi ne, 5 kuma ya rushe ko yana gab da rushewa. Amma maki kaɗai ba ya tsara layin aiki, sai an haɗa da abin da zai biyo baya idan wurin ya fashe. Yanki mai maki 4 da ya bi ƙarƙashin titi, ko kusa da rijiya, ko ya gitta bututun ruwan sha, ya riga mai maki 5 da ke can bayan fili inda ba kowa.

Yanzu ga maganar ɗan kwangila na biyu. Gyara ba tare da tono ba gaskiya ne, ba dabarar cin kuɗi ba ce. Hanyar da ta fi shahara Eric Wood ne ya fara ta a unguwar Hakni ta Landan a 1971. Ana jiƙa doguwar rigar ƙyalle da wani danƙo, a tura ta cikin tsohon bututun da ƙarfin ruwa ko iska tana juyewa kamar yadda ake juya safa, ta manne a bango, sannan a gasa ta da ruwan zafi ko tururi ko wata fitila ta musamman har ta sandare ta zama sabon bututu marar mahaɗa a cikin tsohon. Daga nan ƙaramin inji ya shiga ya huda bakin rassan gidaje. Ana tsara ta ne ta yi shekara 50, kuma tana maganin saiwa da tsaga da cin asid gaba ɗaya. Idan aibin wuri ɗaya ne, ana iya yin facin da bai wuce mita ɗaya ba da irin wannan kayan. Akwai kuma zura sabon bututun roba mai ɗan ƙanƙanta cikin tsohon a cike tsakaninsu da ruwan siminti, wanda ke rage faɗin hanya, da kuma jan wani kan ƙarfe da ke farfasa tsohon yana jawo sabon na roba mai ƙarfi da ake kira HDPE a bayansa, wanda ke ba da damar ƙara girma amma yana iya ɗaga ƙasa ya taɓa bututun ruwa ko wayar lantarki da ke kusa, kuma bai dace da bututun asbesto ba.

Sai dai akwai abin da waɗannan hanyoyi ba sa yi. Rigar tana bin siffar abin da ta tarar, saboda haka ba ta miƙe bututun da ya lotsa, ba ta gyara gangarar da aka yi kuskurenta tun farko, ba ta kuma wuce inda ya rushe. Kayanta daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, kuma irin danƙon da ake gasawa da zafi yana fara sandarewa tun a hanya idan ba a ajiye shi cikin sanyi ba, abin da ba wasa ba ne ga motar da za ta taso daga Legas zuwa Sakkwato a watan Afrilu. Irin da ake gasawa da fitila ya fi jure ajiya. A Turai abin da ya sa ake gudun tono shi ne tsadar lebura da zurfin layi da cunkoson titi. A unguwa irin taku, inda mai yiwuwa bututun bai wuce zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba kuma yawancinsa a ƙarƙashin turɓaya yake, tono da hannu yakan fi araha, kuɗin kuma ya zauna a hannun matasan gari. Hukuncina shi ne a tone inda ya rushe ko ya lotsa, a yi riga ko faci inda layin ya bi ƙarƙashin kwalta ko gini ko ya yi zurfi, sauran kuma a wanke a bar shi. Ku tambayi mai rigar inda ya taɓa yin irin wannan aiki, ku je ku gani, ku nemi bidiyon kafin da na bayan aikin.

Inda za a tone, ingancin shimfiɗa ya fi sunan bututun muhimmanci. A sayi bututun roba na PVC mai kauri da aka yi don binnewa, mai alamar SN4 ko SN8 a jikinsa da zoben roba a mahaɗa, ba siririn nan na ruwan indararo ba, kuma kada a karɓi wanda ya daɗe a jibge cikin rana har ya koɗe. A shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa mai kaurin santimita 10 a ƙasan ramin, a fara jerawa daga gangare zuwa tudu, a riƙa duba gangarar da na'urar safiyo maimakon ido, domin bututun inci 6 yana bukatar faɗuwar aƙalla mita ɗaya a cikin 150, kuma da ƙarancin ruwan da muke fama da shi gara a fi haka idan wuri ya ba da dama. Kafin a rufe a toshe ƙarshen a cika shi da ruwa a ga ko zai ragu. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, babu dutse ko ɓaraguzan bulo a jikin bututun. Ramin da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi a tokare bangonsa da katako, domin ƙasa mai yashi ba ta ba da sanarwa kafin ta rufta. Idan tsohon na asbesto ne, a jiƙa shi a cire shi gaba ɗaya daga mahaɗa, kada a yanka shi da injin gurza, saboda ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji bayan shekaru.

Duk inda aka buɗe rami a lura da bututun ruwan sha. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba su da mita 3 a gefe, inda suka gitta juna kuma na ruwan sha ya kasance a sama da kusan santimita 45. Wannan ya fi muhimmanci a garin da ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, domin idan aka ɗauke ruwa bututun da ba komai cikinsa yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace kafa, ranar da ruwa ya dawo kuma ya kai shi randunan mutane. A 2021 Najeriya ta samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, kuma jihohin Arewa maso Yamma, har da Sakkwato, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Rijiya ko burtsatse da ke ƙasa da mita 30 daga wurin da layin ke yoyo a kai ruwanta gwaji, kafin sakamako ya fito kuma a riƙa tafasawa ko sa sinadarin kulorin.

Game da kwangilar kanta, ku raba mai bincike da mai gyara, domin wanda zai ci ribar tono bai kamata ya zama shi ne mai faɗin yawan abin da za a tone ba. Ku ɗauki injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya karanta bidiyon ya rubuta adadin aiki, sannan 'yan kwangila su yi farashi a kan takarda ɗaya, kowace mita da kuɗinta. A rubuta yadda za a riƙa juyar da ƙazantar gidaje da injin jan ruwa daga camba zuwa camba yayin aiki, don kada a sake ta cikin kwata, a kuma nemi izinin hukuma kafin a yanka kwalta, a sanar da hukumar ruwa ta jiha inda za a tone kusa da layinta. Lokacin da ya dace shi ne a lura da halin layin a daminar bana, a yi wanki da kyamara da kaka, a yi gyaran daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙasa ta bushe kuma zafi bai tsananta ba. Ku riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a biya shi ba sai an sake zura kyamara bayan markar da ta biyo baya ta wuce.